Daren da Na Kwanta a Kan Mikro

Ba zan taɓa mantawa da daren wata Litinin ba, kuma ko na so in manta, mutanen Arlit ba za su bar ni ba. Yau shekara shida ke nan, amma har gobe in na ratsa kasuwa sai wani ya leƙo daga rumfarsa ya tambaye ni ko ƙudan nan ya sauka lafiya. Nakan ƙara sauri kamar ban ji ba. (Ina ji sarai.)

Ni direba ne, ko shofer kamar yadda ake ce mana a nan. Ina jan ɗaya daga cikin manyan motocin da ke kwaso dutse daga ƙasan ramin uraniyom su kai wa injin niƙa a sama. Aikin juyi ne, mako guda da safe, mako guda da yamma, mako guda da dare. Abokan aikina jikinsu ya saba, ko a tsaye ka jingina su da bango sai su yi barci. Ni kuwa tun shekarar farko barcina ya rikice, ya koma kamar akuyar maƙwabta, sai lokacin da ba a nemansa yake shigowa.

Rashin barcin ma da sauƙi. Ciwon shi ne in barci ya ƙi zuwa, tunani ne ke zuwa, kuma ni tunanina ba ya zama a ciki, ta baki yake fita. Tun ina yaro a Damagaram haka nake. Mahaifiyata takan ce an yi mini baki an manta da ƙyaure. Da rana ka gan ni shiru-shiru, ko taka ni aka yi ni ke ba da haƙuri, dare ne ke kwance ni. Da yake ni kaɗai nake kwana a ɗakina na unguwar Bukoki, ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba. Bango da fanka ne masu saurarona, kuma ba su taɓa kai ƙarata wurin kowa ba.

Shugaban rukuninmu a lokacin shi ne Shef Ilya, Ba'adare daga wajen Tawa, wanda ya fi shekara talatin yana sauka ramin nan. Dogo ne siriri, fuskarsa kullum a murtuke, ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana asuwaki. Direbobi suna kiransa Maɗaci, amma a bayan ido, kuma sai an waiwaya hagu da dama. Shi wannan Maɗacin yana da 'ya, Ramatu, malamar makarantar firamare, kuma ni da nake rawar jiki in ubanta ya yi tari, ita zuciyata ta ga damar so. Mun daidaita da ita. An tsayar da magana cewa kawuna, Kawu Sale, zai taso daga Damagaram ya iso ranar Laraba, ranar Juma'a kuma ya je wurin Shef neman aure.

Sai dai akwai wani ƙulli tsakanina da Shef wanda ni kaɗai na sani, ko kuwa haka na zata. Al'adarsa ce duk Lahadi da yamma yaransa na wurin aiki su je gaishe shi, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya dafa shayi da kansa. Shi likita ya hana shi sukari, saboda haka buta biyu yake ɗorawa, ɗaya mai zaƙi ta baƙi, ɗaya tasa. Ranar da na fara zuwa ya dube ni ya ce, "A sa ma sukari?"

Ba abin da ya fi amsar nan sauƙi a duniya. Ni mutum ne da ko kunu sai na sa masa sukari har cokali ya nemi tsayawa. Amma ina neman shiga, ga Ramatu na gilmawa ta bakin madafa, sai na ji bakina ya ce, "A'a Baba, ni ma haka nake sha."

Ya ɗan ƙura mini ido, sannan ya ce, "Madalla. Yau na samu namiji."

Daga ranar na zama abokin butarsa. Shayi ne irin wanda ake tafasawa har ya yi baƙi ƙirin, zubi uku, babu ko ƙwayar sukari. Kurɓar farko na ji ɗacin ya bi ta bayan kunnena. Allah ya taimake ni akwai wata 'yar bishiyar lemon tsami a gefen tabarmar, wadda Shef ya sa aka kawo masa dashenta tun daga lambunan Timiya. Wanda ya san Arlit ya san abin da koren ganye yake nufi a garin nan. Ya kewaye ta da waya saboda awaki, da hannunsa yake ba ta ruwa safe da yamma. To ni a gindinta na kafa wurin zamana. Da ya sunkuya yana fifita gawayi, sai in karkata kofi. Wata takwas ina wannan aiki, ina lasar baki ina cewa, "Kai Baba, yau ya yi." (Har yabona yake yi a gaban mutane wai ina son shuka.)

To a daren Litinin ɗin, aikin dare muke yi, lokacin zafi. Kowace mota tana da rediyon magana da mikro mai igiya, kuma rediyon nan yana da hali guda: in mutum ɗaya ya danne maɓallin mikro, duk sauran sai dai su saurara, babu mai iya shigowa sai ya saki. Shi ya sa Shef ya kafa doka, ka faɗi abin da ya kawo ka a taƙaice ka saki. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi muka ji muryarsa.

"Injin niƙa ya yi pan, ya lalace. Kowa shi tsaya inda yake, shi kashe mota. Kak kowa shi motsa sai na ce."

Sauran motocin duk suna sama, sun yi layi kusa da injin. Ni kaɗai lalacewar ta ritsa a can ƙasan rami, don mai loda mini dutse ma ya bi wata ƙaramar mota ya hau. Daga sama zuwa inda nake tafiyar kusan minti ashirin ce a hanya mai zagaye, kuma ko rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kaiwa can. Na san kafin a gyara injin sai an kai asuba. Na ce yau ga barci kyauta. Na cire takalma, na naɗe rigar aiki na yi matashi, na miƙe a kan kujera. Akwai wata 'yar jar fitila a jikin rediyon da ke kamawa in ana magana, ta dame ni a ido, na ɗauki safar hannu na rufe ta. Mikro kuwa ban maida shi mazauninsa ba, ya zame ya shige ƙarƙashin kafaɗata, na kwanta a kansa da dukan nauyin da Allah ya ba ni.

Barci ya ce bai san zancen ba. Na juya kai, na karanta abin da na sani na addu'a, na ƙirga taurarin da ke cikin gilashi. Shiru. Can sai bakin nan marar ƙyaure ya buɗe.

(Kada a yi mamakin yadda na riƙe maganganun. Ba ni na riƙe ba. Wani bawan Allah a sama ya ɗauka da wayarsa, kuma abokina Agali, wani Buzu da muke aiki tare, ya haddace su kamar karatun allo.)

"Wai shin," na fara, "ƙudan da ya shiga motar Agadas a tashar Arlit, in ya sauka can, yana sanin ya yi tafiya? Ko fita yake yi ya nufi mahautar da ya saba, ya ga an canza masa gari? Iyalinsa fa? Suna nan suna jiransa, ba su san ya zama ɗan ci-rani ba."

Na daɗe a kan ƙudan nan, har sai da na ji tausayinsa ya kama ni da gaske. Daga nan na koma kan kifin gwangwani, na ce shi kaɗai ne kifin da ya ƙetare hamada, amma ba shi da labarin bayarwa tunda babu kai ya zo. Na tambayi kaina wa ya fara kallon dutse ya ce akwai wuta a cikinsa, kuma me mutanen gidansu suka ce masa ranar. Na ce ga shi mu ke ɗauko dutsen ana kunna fitila da shi a ƙasashen da ban san sunansu ba, ni kuwa fankata ta kwana uku ba wuta, tana kallona ina kallonta. Na ratsa ta kan awakin Arlit masu cin kwali, na ce to nonon da suke bayarwa na akuya ne ko na kwali. A tsakiyar haka har na lura da wani abu, na ce, "Yau rediyo ya yi shiru. Malalata, duk sun yi barci."

Da a nan na tsaya, da dariya kawai za a yi a wuce. Amma tunanin dare ba shi da linzami, kuma duk inda ya zagaya sai ya dawo kan abin da ke cin mutum.

"Juma'a fa ta kusa," na ce. "Maɗaci zai ba ni ko ba zai ba ni ba? Wai wa ma ya raɗa masa sunan nan? Agali ne, na tuna, ranar da ya hana mu tsayawa cin abinci. Amma fa sunan ya zauna. Mutum a ce fuskarsa kamar an aiko masa da sammaci."

A daidai nan na ji ana danna hon daga sama, ba ƙaƙƙautawa. Na ɗaga ido na ga wata mota a bakin rami tana kunna fitilu tana kashewa. Agali ne yake ƙoƙarin cetona, ya ceci kansa. Ni kuwa me na ce? "Ji wani mahaukaci, mutane na barci yana damunsu. Gobe sai Maɗaci ya ci ƙaniyarsa."

Sai na shiga maganar shayi. Ban rage komai ba. Na faɗi yadda na yi ƙarya ranar farko, na faɗi yadda nake jira ya sunkuya, har na kwaikwayi muryarsa yana cewa ya samu namiji. Na ce, "Wata takwas ni ke shayar da lemonsa. In bishiyar nan ta yi 'ya'ya, wallahi duk wanda ya matsa a kunu ba zai ƙara barci ba sai an kai shi asibiti." Na yi dariya ni kaɗai har da buga kujera. An ce a sama a lokacin akwai wanda ya sauko daga motarsa ya kwanta a ƙasa yana riƙe da ciki. An kuma ce a lokacin ne Shef ya miƙe ya shiga farar motarsa ya kama hanyar rami. Motar tasa ma da rediyo a ciki.

Dariyar ta ƙare ta bar ni da shirun dare, kuma irin wannan shirun ba ya barin mutum da wasa. Na tuna ranar da na fara zuwa wurin aikin nan, ban san kowa ba, takalman da aka ba ni sun matse ni har ina ɗingishi. Shef ya lura, washegari ya ajiye mini nasa na ajiya a bakin mota. Duk wannan na faɗa da baki. Na ce tun da mahaifina ya rasu babu wanda ya taɓa duban ƙafata sai shi. Na ce tarin da yake yi da asuba yana tayar mini da hankali, ya kamata wani ya matsa masa ya je a duba shi, amma wa ya isa. Na ce, "Abin da ke ba ni tsoro, in ya hana ni Ramatu ba zan iya jin haushinsa ba. Da mugu ne da na huta."

Da Allah ya so ni da rahama da a nan aka buɗe ƙofa. Amma ina, sai da shaiɗan ya ba ni wani minti guda.

"Sai dai fa abu ɗaya," na ce. "Minsharin nan nasa da muke ji a ɗakin hutu, kamar ana jan tukunya a kan siminti. Gado ne? Ramatu ma tana yi? Wa zan tambaya? In na aure ta na tarar tana yi, ni da ba na barci dama..."

Aka ƙwanƙwasa gilashi.

Na zabura na ɗago kai ba tare da na ɗaga jiki ba. Shef ne a tsaye a kan matakalar mota, fitilar hularsa tana haska mini ido. Ya buɗe ƙofar a hankali.

"Ɗaga kahwaɗakka," ya ce.

Na ɗaga. Ya sa hannu ya zaro mikro, na ji maɓallin ya ce ƙas ya saki. Ya cire safar hannun da na rufe fitilar da ita, ya ninke ta ya ajiye mini a kan cinya. Rediyon da ya yi kusan awa guda a shaƙe sai ya fashe. Dariya ce ta mutum sama da ashirin, kowa na danna nasa yana saki, wani na tari, wani na kiran sunan Allah. Can muryar wani ta fito sarai, "Gidan rediyo, kar ka rufe tasha, ƙudan ya sauka Agadas ko bai sauka ba?"

Na so ƙasa ta tsage in shige, to amma a ƙasan rami nake, ba sauran inda za a shige. Ina zaune ba takalmi, bakina a buɗe, karo na farko a daren nan babu kalma ko ɗaya a cikinsa. Shef ya kai mikro bakinsa ya ce, "Ya isa." Nan take kowa ya yi tsit. Ya rataye shi a mazauninsa, ya sauka, ya shiga motarsa ya tafi. Da ya zage ni da na ji sanyi.

A motar da ke maida mu gari da safe na zauna can baya na rufe fuska da hula. Agali ya zo ya zauna kusa da ni, ransa a ɓace.

"Kai, ni mi na yi maka?" ya ce. "Kai ka so Ramatu, Ramatu ya so ka, ni ina ruwana? Shekara huɗu sunan nan yana ɓoye, dare ɗaya ka kai ni." Sai kuma kafaɗunsa suka fara girgiza da dariya. "Amma kifi babu kai, wallahi gaskiya ne."

Kafin azahar maganar ta gama gari. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka ɗauka a waya. Mai shagon unguwarmu ya miƙo mini sukari ban tambaya ba. Na kira Ramatu sau bakwai ba ta ɗauka ba, sai ranar Laraba da yamma ta kira da kanta.

"Malam mai gidan rediyo, an wuni lahiya?"

Na fara ba da haƙuri, ta katse ni.

"Yau 'yan ajina sun tambaye ni ko ina minshari. Yara 'yan shekara tara."

"Ramatu, wallahi ban san..."

"Bar wannan, zai wuce. Ni abin da ya tsaya mini, wata takwas kana yi wa ubana ƙarya a kan abin da bai wuce cokali guda ba. To ni wace iri ka tanadar mini?"

Na kauce wa tambayar. Na tambaye ta ko Baba ya ce wani abu. Ta ce bai ce komai ba, ranar da ya dawo salla kawai ya yi, ya ɗauki buta ya je wajen lemonsa ya daɗe a tsaye. Ta kashe wayar. A daren nan na ji tsoro na gaske, irin wanda ba ya zuwa da ƙuda ko kifi. Na ga Ramatu tana fita daga hannuna, kuma ba wanda ya fizge ta, ni na buɗe hannun.

Kawu Sale ya iso a ranar, a gajiye, yana dafe da ƙugu. Tun a tasha aka kunna masa abin. Na roƙe shi a ɗage zuwa Juma'a ta gaba ko ta bayanta, ko ma bayan salla.

"A ɗage?" ya ce. "Kwana biyu ina bisa hanya, hanyar Agadas ta kwance mini duk wani ƙashi, ka ce a ɗage? Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kai kuwa ka riga ka tuɓe a kasuwa. Za ni. In an kore ni ma na san na tahi."

Sauran dararen makon na yi su a wurin aiki kamar kurma. Shef bai kira sunana ba ko sau ɗaya, sai dai in ji, "Mota ta bakwai, matso." Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kawu ya tafi da wasu dattawa biyu. Na zauna a ɗaki ina kallon fanka. Bayan la'asar ya dawo shi kaɗai, ya sha ruwa, ya gyara zama, ya sake shan ruwa.

"Bai ce ya ba ka ba, bai ce ya hana ka ba. Ya ce ka zo yanzu da ƙafarka. Dattawan na can zaure suna jira."

Wanda ya san kunyar suruki ya san ba a kiran mai neman aure a irin wannan rana. Haka na tashi na tafi. Da na shiga tsakar gidan abu na farko da na lura shi ne an ɗauke tabarmar daga inda take. An shimfiɗa ta a tsakiyar siminti, nesa da lemon, babu ko tafin ƙasa a kusa. Shef na zaune shi kaɗai da butocinsa biyu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Ya ɗaga buta ya tsiyaya shayin nan baƙi ƙirin a kofi, ya riƙe bai miƙo ba. Labulen madafa ya ɗan motsa, na san wa ke bayansa.

"A sa ma sukari?" ya ce.

Ga rana tsaka, ga idonsa a kaina, ba duhu ba gilashi. Tsohon halina ya taso, na ji "a'a Baba" ta iso har bakin leɓena. Na haɗiye ta da ƙyar.

"A sa, Baba," na ce. Na sake da ƙarfi. "A sa. Da yawa."

Ya maida shayin cikin butarsa, ya ɗauko ɗaya butar ya zuba mini mai zaƙi, ya ƙara cokali biyu a kai. A ranar na fara ganin haƙoransa ba tare da asuwaki ba.

"Wata takwas nike jiran wagga magana," ya ce. "Tun mako na biyu na gane. Ni ka ba iccen ga ruwa, kana zaton ban san kalar ƙasar gindinai ba? Kullum sai in ƙara ganyen shayi, in ce yau yaron ga za shi magana. Kai ko sai ka ce ya yi."

Na sunkuyar da kai har goshina ya kusa taɓa tabarma.

"Da na sauko rami, korarka na zo yi dag gidana. Rabin hanya na ji sauran. Abin da wasu ka shekara goma ba su sani ba ga mijin ɗiyarsu, ni na ji shi dare guda. Cikinka babu komi sai shirme, amma ban ji mugunta ba. Abu guda nike so. Abin da ke ranka, ka hwaɗa ma ɗiyata shi da rana, kak ka bari sai dare." Ya ɗaga murya ya kira wani ɗansa. "Je zaure ka ce ma baƙi na ba shi."

Daga bayan labule na ji an ajiye murfin tukunya a hankali. Na sha shayin nan, kuma ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba. Na yi godiya na miƙe zan fita, har na kai bakin ƙofa ya kira ni.

"Wancan ƙudan."

"Na'am, Baba?"

"Motar swahe shika biyowa shi komo. Na daɗe da tunanin haka, ni ma ba barci nika samu ba." Ya tamke fuska kamar bai faɗa ba. "Kuma ka ce ma Agali ina nemanai."

Yanzu Shef ya ajiye aiki, ya kuma je an duba tarin, don Ramatu ta ce tunda duk Arlit ta ji ba shi da mafaka. Lemon ya yi 'ya'ya, mun sha, kowa ya yi barcinsa. Ni dai abin da na koya shi ne maganar da ka danne da rana ba mutuwa take yi ba, dare take jira, kuma ba ta zaɓen wanda zai ji. In an tambaye ka sukari, ka ce a sa. In kuma za ka kwanta, ka duba ƙarƙashin kafaɗarka.

Maganar minshari kuwa, ba gado ba ne, Ramatu ba ta yi. Ta ce ko tana so ta yi ma ina ta ga fili, tunda gidan rediyo ba ya rufe tasha.